Zoben Baba da fitilar ƙwai

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Baba aka zauna lissafin abin da ya bari. Ba wani abin a zo a gani ba ne: gidan Tudun Wadar Kaduna da muka tashi a ciki, wata gona a hanyar Birnin Gwari da an daɗe rabon wani da ita, manyan riguna, littattafai, sai ɗan abin da ya rage a asusunsa. Mu goma sha ɗaya ne, ɗaki biyu. Malamin da aka ɗauko don rabon gado yana rubutawa, Yaya Babba yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan wani tsohon gwangwanin alawa da aka samu a ƙarƙashin katifa. A ciki akwai fasfon da ya yi aikin Hajji da shi, da katin aikinsa na masaƙa a Kakuri, da agogonsa mai wani, sai kuma zoben.

Babu wanda ya tashi a gidanmu bai san zoben nan ba. Na azurfa ne, an ɗaura masa dutse mai girman ƙwayar gurjiya. Da rana, in Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida, dutsen shuɗi-shuɗi ne mai duhun toka, kamar hadarin da bai gama haɗuwa ba. In magariba ta yi aka kunna fitilar ƙwai, sai ka ga ya koma ruwan zoɓo. Muna yara mukan kewaye shi bayan lisha, ya miƙa hannu kusa da fitila, mu yi ta kallo kamar majigi. Ya ce a Jidda ya saye shi wurin wani Bamisre, shekarar da ya sauke farali, kuma mutumin ya gaya masa sunansa "dutsen Iskandari". Iyakar abin da Baba ya taɓa faɗa ke nan. Sauran labarin Gwaggo ce ta ɗora, yayar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta. A wurinta Iskandari ai Zulƙarnaini ne, don haka dutsen yana jin abin da ke tafe. Ranar lissafin ma ba ta yi shiru ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ni tun shekara uku na san ɗan'uwana ya kusa tafiya. Zoben nan ya daina ja da dare. Ku tambayi matansa."

Matansa kuwa suka ce haka ne, duka biyun. Abu ɗaya ke nan da na taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kai.

Da a nan maganar ta tsaya, da an rubuta "zoben azurfa" an wuce. Sai ɗan Yaya Babba, wanda ke jami'a, ya ɗauki zoben ya yi ta juya shi yana latsa waya. Can ya ce akwai wani dutse da ake kira alekzandarait, kore da rana ja da dare, kuma mai kyau a cikinsa karat guda kan kai dubban daloli. Ya nuna wa ubansa, uban ya nuna wa na kusa da shi. Kafin wayar ta zagayo kaina ɗakin ya yi tsit, irin shirun da kowa ke lissafi a zuci. Malam ya ajiye biro. Ya ce ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba, ga shi kuma biyu daga cikin ƙannenmu ba su balaga ba, in aka bar wa wani a kan kuɗin azurfa gobe ya fito na miliyoyi, an ci haƙƙin marayu. Ya ce a fitar da mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, su je su gano ko mene ne, kada su sayar, kada ɗaya ya fita da shi shi kaɗai, kuma su dawo da magana a rubuce. Aka ce ni, da ƙanena na ɗakin Inna wanda ke sayar da kayan gyaran babur a Panteka.

Mun fara da inda kowa zai fara, layin masu zinariya a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. Dattijon da muka zauna wurinsa bai ko kalli dutsen ba. Ya juya zoben, ya nuna mana lambar 925, alamar azurfa, da aka buga a cikinsa, ya goga gefen a kan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce azurfa ce mai kyau. Da muka ce ai dutsen muka kawo, sai ya yi murmushi. "Alhaji, mu ƙarfe muke saya. In mace ta kawo mana sarƙa, dutsen ma cire shi muke yi mu ba ta abinta kafin mu ɗora a sikeli." Wani matashi a shagon maƙwabta ya ce mu gwada shi a jikin gilashi, in ya yanka to na gaske ne. Ƙanena bai jira ba, ya goga shi a gindin kwalbar lemo, sai ga zane fari ƙal, dutsen kuwa ko gezau. Muka fito kasuwa yana ta washe baki. Ni ma, in faɗi gaskiya, a keke napep ɗin da muka hau na fara tunanin rufin ɗakina da ke yoyo.

Daga baya na gane wannan gwajin bai gaya mana komai ba sai abu ɗaya: ba kwalba ba ce. Masana suna da ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Gilashi yana wajen 5 da rabi, daiman ne 10, to duk abin da ke tsakani zai yanka kwalba, har farin dutsen wuta da yara ke tsinta a bakin kogin Kaduna, wanda yake 7.

Dattijon mai zinariya ne ya haɗa mu da wani dillalin duwatsu da ke zirga-zirga tsakanin Jos da Kaduna. Sai da muka yi kusan mako muna waya kafin muka same shi, a wani shagon shayi kusa da tashar Kawo. Ban san ƙasarmu na da wannan harka haka ba sai ranar. Ya kwance wani ƙyalle ya zube mana tsakuwoyi a tafin hannu: wannan bulu ne, wato safaya, daga Nisama can ƙasar Jama'a, wannan kore-koren daga wajen Gwantu, wannan mai ruwan sararin sama akwa ne, wancan tomalin. Ya ce tun shekarun 1980 ake haƙar safaya a kudancin jihar nan, daga baya aka koma tsaunin Mambila, kuma yawancin masu saye mutanen Senigal da Mali da Gini ne, su kwashe su kai Bankok a yanka a goge. Mu da ke zaune a Kaduna shekara da shekaru, abin da muka sani na kudancin jiha citta ce kawai.

Ya karɓi zoben, ya fito da ɗan madubin ido ɗaya, ya fita rana ya duba, ya dawo ya haska shi da wata 'yar tocila mai jan haske. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mana ya ɗauki kofin shayinsa.

"Baban naku attajiri ne?"

Na ce ma'aikacin masaƙa ne.

Ya ce, "To Allah ya ji ƙansa. Ni ba zan ce muku ga abin da yake ba, ba ni da na'ura. Amma abu uku sun dame ni. Ya yi girma da yawa, ya yi tsabta da yawa, kuma a azurfa aka ɗaura shi. Dutsen da kuke faɗa, in ya kai karat ɗaya mai kyau, labari ne. Wannan zai yi bakwai ko takwas, babu ko ɗigon datti a ciki. Abin da Allah ya halitta a ƙarƙashin ƙasa da wuya ka same shi tas haka."

Ƙanena ya ce to nawa zai saya. Dillalin ya ce ba ya sayen abin da bai sani ba. Muna fita ƙanena ya ce da ni wannan salon 'yan kasuwa ne, sai sun kushe kaya su saye shi a banza, shi ma haka yake yi wa masu kawo masa tsohon inji. Ban musa masa ba, don ni ma zuciyata ba ta so maganar dillalin ba. Sai dai mutumin bai taya ba ko sisi, kuma shi ne ya ba mu lambar wanda zai iya yanke maganar: wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin binciken ma'adinai, yana zaune a Barnawa, yana da kayan awon duwatsu a gida.

Kafin mu je sai da aka sake zama, saboda dattijon ya ce a waya awo ɗaya ba zai yiwu ba sai an raba dutsen da zoben. Gwaggo ta ce sam, ba a taɓa kayan mamaci haka. Yaya Babba ya ce in aka cire wa ya san ko za a musanya. Malam ya ce a cire a gaban mu biyun, a ɗauki hoto kafin da bayan. Muka koma wurin mai zinariya, yaronsa ya ɗaga 'yan faratan azurfar nan huɗu da wani ɗan tsinken ƙarfe, dutsen ya faɗo a kan farin ƙyalle. Ƙarƙashinsa duk dattin sabulu ne da ƙurar shekara kusan hamsin. Na tsaya ina kallon dattin nan, sai na ji idona ya kawo ruwa, ban san dalili ba. Alwalar Baba ce ta taru a wurin.

Ranar Asabar da hantsi muka haye gada muka nufi Barnawa, dutsen na cikin ambulan a aljihun gabana, hannuna a kai har muka sauka. Dattijon ya karɓe mu a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidansa, tebur ɗaya jikin taga, akwatunan katako cike da tsakuwoyi kowanne da takardarsa. Ya wanke dutsen da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ya goge, sannan ya ce kafin ya taɓa na'ura yana so mu san abin da muke nema, don kada ya faɗi sakamako mu ce ya cuce mu.

Ya ce sunan alekzandarait ba shi da haɗi da Zulƙarnaini, ba shi kuma da haɗi da birnin Iskandariyya na Masar, ko da yake masu sayar wa baƙi tsaraba a can sun daɗe suna cin moriyar kamannin sunan. A Rasha aka fara samunsa, a shekarun 1830, cikin ramukan zumurrudu na tsaunukan Ural, kusa da kogin Tokobaya. Masu haƙa sun ɗauka zumurrudu ne don kore ne, sai da aka gan shi a hasken wuta ya koma ja. Aka sa masa sunan yarima mai jiran gado, Alekzanda, wanda ya hau sarauta a 1855 a matsayin Alekzanda na Biyu, aka kashe shi da bam a 1881. Kore da ja kuma launukan sojan daular ne a lokacin, shi ya sa Rashawa suka ɗauke shi dutsen ƙasa, suna ganin yana kawo sa'a. Na ce a raina ashe kowace ƙasa da tata Gwaggon. Ya ce Turawa ma har yau suna lissafa shi cikin duwatsun waɗanda aka haifa a watan Yuni. Ramukan Rasha sun yi ƙasa tun da daɗewa; yanzu ana samunsa a Siri Lanka, da Indiya, da Madagaska, da Tunduru a kudancin Tanzaniya, sai kuma Barazil, inda aka yi babbar tsintuwa a wani wuri da ake kira Hematita a 1987.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin launin. Ya ce asalin dutsen wani ma'adini ne mai suna kirisoberil, haɗin beriliyam da alminiyam, taurinsa 8 da rabi. In ɗan kuromiyam ya shiga cikinsa sai ya zama alekzandarait. Kuromiyam ɗin nan shi ne ke sa zumurrudu kore, shi ne kuma ke sa yaƙutu ja. A cikin wannan dutsen sai ya tsaya a tsakiya: ya shanye ruwan ɗorawa na cikin haske, ya bar kore da ja su wuce kusan kai ɗaya. To wanda ya fi yawa a hasken da aka haska shi, shi ido zai gani. Hasken rana ya fi ƙarfi ta wajen shuɗi da kore, dutse ya fito kore. Harshen wuta da tsohon ƙwan lantarki mai zafi sun fi ƙarfi ta wajen ja, dutse ya fito ja. Ya ce abin da ya sa yake wuya kuwa, beriliyam da kuromiyam ba a irin dutse ɗaya suke zama ba, kamar Bafulatanin daji ne da masunci, sai wani dalili mai ƙarfi ya haɗa su wuri guda.

Ya buɗe wata 'yar takarda da aka naɗe, ya fito da nasa. Bai fi ƙwayar shinkafa ba. A jikin taga kore ne mai duhu kamar ganyen kuka ɗanye. Ya ja labule ya kunna kyandir, sai ya koma ja mai ɗan duhu. Ya ajiye namu a gefensa. Ko makaho ya shafa ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba: namu da rana babu kore a cikinsa ko kaɗan, shuɗi ne mai toka, a kyandir kuma shunayya ce mai haske. Ƙanena ya ce wataƙila namu ne ya fi kyau. Dattijon ya ce, "Bari mu tambayi na'ura, ita ba ta da ɗan'uwa a cikinku."

Na'urar farko 'yar ƙarama ce, ba ta fi dutsen guga ba. Tana auna yadda haske ke lanƙwashewa in ya shiga dutse, kuma kowane irin dutse da lambarsa. Ya ɗiga wani ruwa mai wari a kan gilashinta, ya kifa dutsen a kai ta faffaɗar fuskarsa, ya leƙa, yana juya shi a hankali. Kafin ya faɗa sai da ya rubuta mana a takarda: alekzandarait yana ba da tsakanin 1.74 da 1.76, safaya da yaƙutu kuma 1.76 zuwa 1.77. Sannan ya ce kowa ya leƙa da idonsa. Na leƙa, na ga sikeli mai lambobi, rabi haske rabi inuwa, bakin inuwar ya tsaya a saman 1.76, wani bakin kusa da 1.77. Ƙanena ya leƙa sau biyu.

Awo na biyu shi ne wanda ya sa aka cire dutsen. Ya ɗora shi a ƙaramin sikeli, ya ba da giram 1.60, wato karat takwas cif, tunda karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Sannan ya sa shi a wani ɗan kwandon waya da ke rataye cikin kofin ruwa, ya sake aunawa, ya ba da 1.20. Ruwa ya ɗauke 0.40 ke nan. Ya miƙo mini biro ya ce in raba 1.60 da 0.40. Na ce huɗu. Ya ce to dutsen ya ninka ruwa nauyi sau huɗu, wannan kuwa lambar dangin safaya ce, wanda masana ke kira korandam, alekzandarait 3.7 da ɗan ɗoriya yake bayarwa. Awo biyu sun faɗi magana ɗaya.

Nan fa ƙanena ya sake farfaɗowa. Ya ce to ai safaya ma kuɗi ce, dillalin Kawo ya nuna mana. Dattijon ya ce gaskiyarsa, har ma akwai safaya ta ƙasa da ke canza launi, akwai kuma wani jinsin garnet da ke yi, kuma dukansu suna da daraja. Saura a san ko a ƙasa aka haƙo wannan ko a masana'anta aka dafa shi. Ya ce ko da ma lambar alekzandarait ta fito, da sai an yi wannan tambayar, domin tun shekarun 1970 ake ƙera shi ma a ɗakin gwaji.

Ya sa dutsen a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan abubuwa, ya daɗe yana juya shi da hantsaki yana gyara haske. Can ya ce, "Yauwa. Zo ka gani." Da farko ban ga komai ba sai ruwan launi. Ya ce in nutsu. Sai ga wasu siraran layuka a jere, lanƙwasassu, ɗaya bayan ɗaya, sak irin na faifan garmaho. A gefe guda kuma wasu 'yan ƙwallaye biyu ko uku, kamar kumfar da ke maƙalewa a jikin kwalbar lemo. Ya ce dutsen da ya girma a ƙasa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa, ba ya yin baka, kuma ba a samun kumfar iska zagayayya haka a cikinsa. Wannan aikin wuta ne. Wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Ogust Bernoyi, ya bayyana dabarar a 1902: ana zubo garin alumina mai tsabta, wato haɗin alminiyam da oksijin, ta cikin harshen wuta da zafinsa ya haura digiri 2000, ya narke yana ɗiga, yana daskarewa shimfiɗa kan shimfiɗa har ya zama curi kamar ƙaramin karas. Kowace shimfiɗa ita ce layi ɗaya da na gani. In aka sa kuromiyam a garin a sami yaƙutu, in aka sa banadiyam a sami irin na Baba mai canza launi. Ya ce shekara kusan ɗari ke nan ana sayar da irinsa a kasuwannin tsaraba, kuma shi kansa ba zai iya ƙirga nawa aka kawo masa daga akwatunan tsofaffin alhazai ba.

Ya tambaya ko Baba yana da agogo mai wani. Na ce yana da shi, yana ma cikin gwangwanin. Ya ce in duba fuskarsa zan ga an rubuta 17 da wata kalma; 'yan jajayen duwatsu goma sha bakwai ne ke cikin injinsa, kuma tukunyarsu ɗaya da dutsen zoben.

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi damuna a lokacin Baba ne, ko cutarsa aka yi. Dattijon ya ce in tuna nawa ma'aikacin masaƙa zai iya fitarwa a Jidda bayan ya gama sayen tsarabar mata biyu. Kuɗin zoben azurfa ya biya, zoben azurfa kuma aka ba shi, da dutsen da taurinsa 9 ne, wanda ya yi shekara hamsin a hannu bai dushe ba.

Har mun miƙe na tuna da maganar Gwaggo. Na ce, "Ranka ya daɗe, to me zai sa ya daina ja? Shekara uku ke nan mutanen gida suka ce ba ya yi." Ya ce ai yanzu muka ga ya yi a kyandir. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wane irin ƙwai kuke sawa a gidan?"

Ni da ƙanena muka kalli juna. Shekara uku da suka wuce Yaya Babba ya sa wa Baba sola, aka cire tsofaffin ƙwayayen nan masu zafi gaba ɗaya aka sa farare marasa cin wuta, fitilar ƙwai kuma aka jefa ta ɗakin ajiya tunda ga fitilar caji. Dattijon ya kunna farar fitilar wayarsa ya haska dutsen. Shuɗi mai toka, kamar da tsakar rana. Ya ce farin ƙwan zamani hasken rana yake kwaikwaya, jan da ke cikinsa kaɗan ne. A gidanmu dare ne ya daina zuwa wa zoben.

Ya rubuta mana komai a takarda, lambobin da sunan abin, ya sa hannu, muka biya shi abin da ya yanka, wanda bai kai kuɗin motar da muka kashe a zirga-zirga ba. A hanyar komawa ƙanena bai ce uffan ba har muka wuce gada. Sai can ya ce, "Yaya, da ma na riga na yi wa wani shago magana."

Da aka karanta takardar a gaban kowa, ɗan Yaya Babba ya sunkuyar da kai kamar shi ya ƙera dutsen. Wata ƙanwarmu ta ce a kai Legas a sake gwadawa. Malam ya ce duk mai so ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, maganar ta mutu a nan. Aka koma wurin mai zinariya ya mayar da dutsen, ya auna azurfar ya faɗi kuɗinta, aka ɗan ƙara wani abu a kan dutsen, aka rubuta. Duka-duka bai kai kuɗin buhun masara ba. Ɗaya daga cikin faratan nan huɗu bai koma daidai ba, har yau a ɗan karkace yake, yana kama zaren riga.

Sai kuma ga shi kowa yana so. Abin da ba shi da kuɗi ya fi wuyar rabo, don ba a cewa a sayar a raba. Inna ce ta kawo mafita, ta ce a bar wa Gwaggo. Malam ya ce Gwaggo ba ta cikin magada tunda akwai 'ya'ya maza, amma baligai suna iya yafe nasu kyauta. Na yara biyun ne ba mai ikon yafewa. Aka lissafa rabonsu a cikin kuɗin zoben, ni da ƙanena muka biya, aka sa a nasu.

Daren da na kai mata, sai da na shiga ɗakin ajiya na tono fitilar ƙwan. Gilashin ya tsage, lagwanin ya bushe, na aiki yaro ya yi ta yawo kafin ya samo kananzir rabin kwalba. Na kashe farin ƙwan ɗakinta, na kunna fitilar, na sa mata zoben a tafin hannu. Ya koma ruwan zoɓo, kamar yadda muka san shi. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Na yi mata bayanin sola da fararen ƙwayaye dalla-dalla, yadda dattijon ya yi mini, har da kunna fitilar waya in kashe don ta gani da idonta. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Na ji. To wa ya kawo solar a daidai wannan lokacin?"

Na ce Yaya Babba.

Ta ce, "Shi kuma wa ya aiko shi?"

Ban da amsa. Zoben ya yi mata yawa a yatsa, sai ta zura shi a igiyar carbinta. Fitilar kuma ta hana a mayar da ita ɗakin ajiya. Duk ranar Juma'a in na je gaishe ta, kafin in zauna take gaya mini kananzir ya ƙare.